Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin aika kaya da ya fasa mini tomalin

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum. Jiya ma na kira lambar ofishinku, ta yi ta ƙara har ta katse. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ni mutumin Riruwai ne, a ƙaramar hukumar Doguwa, garin kuza. Mahaifina ya yi aikin haƙa, a wurinsa na gaji son tara duwatsu. Ina da tomalin, wato wani dutse mai daraja da ake ado da shi: ina da na Keffi, ina da ja na jihar Oyo, amma wanda aka damƙa muku daban yake. Tsohon dutse ne na tsibirin Elba a ƙasar Italiya, inda aka yi ta haƙo tomalin tun ƙarni na 19. Jikinsa garau, kansa baƙi, yana tsaye a kan uwar dutsensa, tare da 'yar takardar da mai shi na farko ya rubuta da hannu. A wurin masu tara irin waɗannan, takardar nan ita ce shaidar asali. In babu ita, darajar ta zube.

Naira 185,000 na biya dillali a Jos. Ranar 4 ga Maris ya kai ofishinku, na biya 12,500 kuɗin aike, da 6,000 na inshora da ku da kanku kuka ce dole ne. Kuka ce sati ɗaya. Aka yi ta jan mu, yau mota ta lalace, gobe direba ba ya nan. Da kwalin ya iso, an yanke shi an sake liƙewa, audugar ciki ta ragu, tomalin ya rabu gida biyu, takarda kuma babu ita. Tomalin yana da tauri, yana kartar gilashi, amma ba ya jure faɗuwa, kuma an rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikin kwalin.

Ranar 27 ga Maris, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, na tsaya gaban ma'aikacinku, yaro sa'ar ɗana. Ko kwalin bai duba ba ya ce: "Baba, dutse ne fa. Ga su nan birjik a ƙauyenku, ka je ka tsinci wani." Abokan aikinsa suka yi dariya. Fashewar dutsen ba ta yi mini zafin wannan maganar ba.

Ina neman ku biya ni cikakken kuɗina, ku binciko wanda ya buɗe kwalin, ku dawo mini da takardar, kuma yaron nan ya ba ni haƙuri a rubuce. Sannan ku faɗa wa jama'a inshorar me kuke karɓa. Masu kayan waya da masu magani a nan yankin duk kukansu ɗaya ne: kuna amsar kuɗin mutanen karkara saboda kun ɗauka nisa da kuɗin mota za su hana mu bin haƙƙinmu. Rasit ɗina yana hannuna, kuma in mako mai zuwa ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, Riruwai