Zuwa ga aminina, kafin ka biya kuɗin kayan kwamfutar nan

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Yaya zafin Sakkwato? Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Jerin kayan da ka turo ya iso, na bi shi layi-layi. Madalla da ba ka riga ka biya ba, domin abu biyu a ciki ba za su zauna inuwa ɗaya ba, na ukun kuma shi ne zai iya cinye maka sauran duka. Ka rubuta furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, madabod (babban faifan da ake jona komai a kansa) B450, ram DDR5 mai 16GB sanda ɗaya, katin hoto RTX 3060, SSD (ma'ajiyar fayiloli) na ramin M.2, sai fawa fak (na'urar da ke ba kayan ciki wuta) mai wat 500 da ka ce kyauta yake zuwa a cikin akwatin.

Mu fara da furosesa da mazauninsa. Ryzen 5 5600 na soket AM4 ne, B450 ma AM4 ne, to zama zai zauna. Sai dai zama daban, tashi daban. B450 ya fito a 2018, dangin Ryzen 5000 kuwa sai ƙarshen 2020 suka fara fitowa, shi 5600 ɗin naka ma sai 2022. Madabod ɗin da ya daɗe a kanta yana iya zuwa da tsohon BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, wanda bai san wannan furosesa ba. Za ka haɗa komai daidai, ka danna makunni, fankoki su juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Don haka ka karɓi cikakken sunan madabod ɗin, har haruffan ƙarshe da lambar bugunsa, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka nemi jerin furosesan da yake ɗauka. A gaban kowanne an rubuta lambar BIOS ɗin da yake buƙata. Idan kwalin yana da tambarin da ke cewa a shirye yake da Ryzen 5000, ka huta. In babu, ka duba bayansa ko yana da ɗan maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba. Asus na kiransa BIOS Flashback, Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus. Filashi kawai ake buƙata wadda aka yi wa fomat na FAT32, a sa fayil ɗin a ciki da sunan da littafin madabod ya ce. Kada ka kuskura ka yi wannan aiki a kan wutar Nepa tsagwaronta. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, madabod na iya komawa katako. Ka yi shi a kan inbata ko UPS mai caji.

Da ni ne, B550 zan ɗauka in bambancin kuɗin bai yi yawa ba, saboda yana ba katin hoto da ramin M.2 na farko PCIe 4.0, wato hanyar wucewar bayanai mai sauri, shi kuwa B450 a 3.0 ya tsaya. Amma shi ma B550 na farko-farko yakan buƙaci sabunta BIOS, kada ka ɗauka ka tsira da dubawa.

Ram ɗinka kam ba zai shiga ba ko kusa. AM4 DDR4 kaɗai ya sani. DDR5 na AM5 ne da sababbin madabod na Intel. Abin da ke ruɗin mutane shi ne duka biyun fil 288 gare su, tsawonsu ɗaya, sai dai ɗan yankan da ke ƙasan sandar ba a wuri ɗaya yake ba. Wanda ya danna da ƙarfi, ramin zai fasa. Ka sayi DDR4-3200, kuma maimakon sanda ɗaya mai 16GB, ka ɗauki biyu masu 8GB waɗanda aka sayar tare a leda ɗaya, don furosesa ya riƙa ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. A madabod mai rami huɗu, yawanci na biyu da na huɗu ake fara cikawa in ka ƙirga daga wajen furosesa, su ne A2 da B2. Bayan ta tashi ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, a madabod na Asus DOCP ake ce masa, in ba haka ba ram ɗin zai yi ta tafiya a 2133 ko 2400 alhali kuɗin 3200 ka biya. Ka kuma lura kada a miƙo maka gajeren ram na laftof.

Wani abu da za ka riƙe: 5600 ba shi da hoto a jikinsa. Wanda ke da shi 5600G ne. Saboda haka wayar allo a jikin katin hoto za ka soke ta, can ƙasa, ramin HDMI na madabod ba zai ba ka komai ba. Wannan kuskure ya sa mutane da yawa sun mayar da lafiyayyen kaya kanti suna rantsuwa matacce aka ba su.

Batun awo kuwa, da tef ake yinsa. Madabod na ATX milimita 305 ne da 244, micro-ATX 244 da 244. Akwatin ATX na ɗaukar ƙarami, ƙaramin akwati ba ya ɗaukar babba. RTX 3060 mai fanka biyu da mai fanka uku tsawonsu ba ɗaya ba ne, mai ukun yakan doshi milimita 300, don haka ka gwada da tsawon da akwatin ya ce yana ɗauka. Fankar da ke zuwa a kwalin 5600 gajeriya ce, ko'ina za ta shiga, kuma da man sanyayawarta a shafe. Amma a zafinku na Afrilu za ka ji ihunta. In za ka sauya ta da doguwa, yawancinsu milimita 150 zuwa 160 ne, ka tabbata murfin gefe zai rufu. SSD ɗin ka duba ko NVMe ne ko SATA, wato nau'o'insa biyu, don kama suke yi a ido, kuma a wasu madabod cika rami na biyu na M.2 yana kashe wasu ramukan SATA. Littafin zai gaya maka waɗanne.

To, mu zo kan wuta, inda nake so ka nutsu.

An rubuta wa 5600 wat 65, amma in aiki ya yi nauyi yana kai 76. RTX 3060 na shan 170. Madabod da ram da SSD da fankoki uku ko huɗu, ka ware musu 60. Jimla ta kama wajen 310. Ba a sayen fawa fak daidai wa daida da wannan lissafi, domin katin hoto yakan fizgi wuta fiye da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, kuma fawa fak ya fi sanyi da daɗewa idan kusan rabin ƙarfinsa yake ɗauka. Ka ƙara rabin lissafin a kai, ka doshi 470, sai ka hau zuwa 550. Nvidia ma 550 ta ba da shawara ga wannan kati. In kana da niyyar sauya kati nan gaba, 650.

Za ka ce ai 500 ɗinka bai yi nisa da haka ba. Juya shi ka karanta takardar da ke manne a gefensa. Furosesa da katin hoto, masu shan kusan komai, daga layin bolt 12 suke sha. Ka nemi inda aka rubuta +12V, ka ga amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. Fawa fak na kirki mai 550 zai nuna kamar 45A, wato wat 540. Irin na kyautar nan sau da yawa 18A za ka gani, wato wat 216, sauran lambar an cike ta ne da layin bolt 5 da 3.3 waɗanda kwamfutar yanzu ba ta damu da su ba. Furosesa da katinka kaɗai 246 suke nema. Alamar da za ka fara gani ita ce kwamfuta tana lafiya lau a rubutu da intanet, da ka buɗe wasa ko ka fara haɗa bidiyo sai ta mutu ɗif ko ta sake tashi da kanta. Wannan ma sauƙi ne. Fawa fak ɗin da ba shi da kariyar ciki, ranar da zai ƙone yakan tafi da madabod ko kati. Ɗaga shi ma a hannu ka ji, sakayau kamar fankon ashana. Araha ba ta ado. Ka nemi na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus Bronze ko sama, mai garanti a rubuce, kuma ko duk sauran kayan na hannu ne, wannan ka saye shi sabo.

Wayoyinsa ma ka ƙirga. Kana buƙatar mai fil 24 na madabod, mai fil 8 na furosesa wanda ke rabuwa huɗu da huɗu, da mai fil 8 na katin hoto wanda ke rabuwa shida da biyu. Biyun nan kama suke yi, amma tsarin wutarsu daban ne, kada ka tilasta ɗaya a ramin ɗaya. Ramin da katin ke zama yana ba da wat 75 kawai, mai fil 8 ɗin ya kawo 150. Fawa fak ɗin da ba shi da wannan waya ya riga ya gaya maka ba a yi shi don katin hoto ba, kuma kada ka yarda da 'yar adaftar da ke jan wuta daga wayar SATA, narkewa take yi. Idan irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne, wayoyinsa kaɗai za ka yi amfani da su. Na wani kamfani na iya shiga ramin tsaf ya ƙona SSD nan take.

Saura abin da ke bango. Wutarmu bolt 230 ce. Tsofaffin fawa fak na tokumbo da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, in yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Na zamani suna karɓar 100 zuwa 240 da kansu, abin da ke taimakawa sosai idan wuta ta yi ƙasa. Lissafin UPS kuma daban yake. Wat 310 ɗin nan a cikin kwamfuta ne, daga bango za ta ja kusan 365 saboda abin da ke tafiya a zafi, ka ƙara allo kamar 30, ka kusa 400. Lambar da ke jikin UPS da ma'aunin VA ake rubuta ta, ba da wat ba. Mai 650VA wat 360 zuwa 390 yake iya ɗauka, don haka kuka zai yi ya mutu a daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ka nemi 1000VA mai wat 600 ko sama, kuma in da hali mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta inbata mai kyau, domin wasu fawa fak na zamani ba sa jituwa da wutar ƙananan UPS. Ƙaramin janareta kada ka jona shi kai tsaye. Ka kuma sa mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin ɗakin yana da wayar ƙasa. In kana taɓa akwati kana jin tsirr a yatsa, babu ita ke nan.

Da ka gyara jerin, ka zuba shi a PCPartPicker, shafin intanet na gwada kayan kwamfuta, zai nuna maka saɓani da kiyasin wat, amma kada ka bar masa awon akwati. Ranar haɗawa ka fara gwadawa a waje: madabod a kan kwalinsa, furosesa da fanka, ram ɗaya, kati, allo. In hoto ya fito sai ka shigar cikin akwati, ka tabbata ƙusoshin tagulla da ke ɗaga madabod suna daidai ramukansa, babu rara ko ɗaya a ƙarƙashi. In lokacin hunturu ne, ka riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa kaya, don ka sauke lantarkin da ke taruwa a jikinka.

Ka turo mini hoton takardar gefen fawa fak ɗin da za ka saya, da cikakken sunan madabod, in duba kafin ka tura kuɗi. Ka gaishe da su Hajiya da yara.

Wassalam,
Amininka