Kafin ku yabi wanda ke tashe a intanet, ku tambayi wa ya biya shi

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan yadda ake kawo mana labaran abin da ke tashe a intanet da na sabbin dabarun talla a kafafen sada zumunta.

Kusan duk labarin da nake karantawa a wannan fanni hanya ɗaya yake bi. Wane ya tara mabiya miliyan kaza, bidiyon wance ya karaɗe duniya a kwana biyu, kaya iri kaza ya yi wuyar samu saboda an nuna shi a TikTok. A yaba, a wuce. Da wuya ka ji an tambayi wanda ya biya kuɗin. Ni kuwa tallar intanet ita ce sana'ata. Ina rubuta wa masu ƙananan kasuwanci kalaman talla, ina saya musu fili a Facebook da Instagram, ina kuma shiga tsakaninsu da masu tarin mabiya idan suna son a nuna kayansu. Abin da mai karatu ke hangowa daga waje ni a ciki nake zaune da shi, kuma abin ya kai a yi magana.

Talla ita ke riƙe da waɗannan dandali. A shekarar 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga dala biliyan 134.9, kuma dala biliyan 131.9 daga ciki talla ce ta kawo su. Duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar, gwanjo ake yi cikin ƙiftawar ido tsakanin masu son kayansu su bayyana a gabansa, na'ura ta zaɓi wanda ya yi nasara bisa kuɗin da ya taya da kuma yiwuwar mutumin ya latsa. Ba ni da rigima da irin wannan tallar, domin a jikinta akwai rubutun da ke nuna an biya kuɗi ne. Mai kallo ya san da wa yake magana. In ya ga dama ya tsaya, in bai ga dama ba ya wuce.

Abin ya fara canza salo ne a 'yan shekarun nan. A watan Afrilun 2021 kamfanin Apple ya wajabta wa kowace manhaja ta nemi izinin mai wayar iPhone kafin ta bi diddiginsa zuwa sauran manhajoji da shafuka. Mutane da yawa suka ce ba su yarda ba. A farkon 2022 Meta da bakinsa ya ce wannan sauyi zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a shekarar. Mu da muke sayen fili mun ji a jikinmu, domin gane wanda ya ga talla har ya sayi kaya ya ƙara wuya. A daidai wannan lokacin kuma gajeren bidiyo ya mamaye komai. Instagram ya fito da Reels a watan Agustan 2020, YouTube ya biyo da Shorts, duk suna bin sawun TikTok, inda na'ura ke jera maka bidiyon mutanen da ba ka taɓa sani ba gwargwadon abin da ta ga yana tsayar da yatsanka. Yatsan kuwa ya koyi tsallake duk abin da ya yi kama da talla tun kafin a gama jimlar farko. A ganina waɗannan biyun, sauyin Apple da gajeren bidiyo, su ne suka ƙara kora kuɗin talla zuwa fuskar ɗan Adam, wato mutumin da masu kallo suka saba da shi har suke jin kamar nasu ne.

Ga yadda ake yi, Edita. Sharaɗin farko da mai kaya ke gindayawa shi ne kada abin ya yi kama da talla. Sai a ce wa mai bidiyon ya riƙe wayar da hannunsa, kada ya kafa ta. Ya ɗauka a cikin mota ko a gefen gado, kada ya kunna fitilun ɗaukar hoto. Ya fara da cewa mutane sun dame shi da tambayar me yake amfani da shi, ko ya ce bai so ya faɗa ba amma ya ga bai kamata ya ɓoye alheri ba. Kayan ba za su bayyana ba sai an ɗan ja labari. A ƙarshe ya ba da wata lamba da za a shigar don samun rangwame, mai kallo yana ganin gata aka yi masa, alhali da lambar ake ƙirga mutum nawa ya kawo domin a biya shi la'adarsa. Duk kalmar da ta fito daga bakinsa a rubuce take, wani lokaci har wurin da zai yi dariya. Yanzu da aka haɗa kallo da saye wuri guda, kamar yadda TikTok Shop ya yi da aka buɗe shi a Amurka a watan Satumban 2023, ɗan lokacin da mutum kan samu ya yi tunani tsakanin gani da biya shi ma ya tafi.

Dillanci ba abin kunya ba ne. Kowa ya san dillali yana da la'ada, kuma da wannan sanin ake auna maganarsa. Abin da nake ƙi shi ne dillali ya zo maka a matsayin aboki mai ba da shawara don Allah.

Akwai wani mai sayar da man shafawa da na taɓa yi wa aiki. Mun shirya komai da wata yarinya mai mabiya da yawa, na sa kalmar talla a layin farko na rubutun da zai raka bidiyon. Ya ce in cire. Na ce ba zan cire ba, ya ɗauke aikin ya kai wa wani. Bayan 'yan kwanaki bidiyon ya fito babu alamar komai. Na shiga na karanta tsokacin da aka yi a ƙarƙashinsa. Mata ne bi da bi suna yi mata godiya, suna cewa Allah ya saka mata da alheri da ta faɗa musu gaskiya, wata ma tana tambaya ko mai juna biyu za ta iya shafawa. Yarinyar ba ta taɓa buɗe kwalbar ba kafin ranar ɗaukar bidiyon. Wannan godiyar ita ta fi tsaya mini a rai, domin amana ce mutane suka miƙa da zuciya ɗaya, aka sayar da ita ba su sani ba.

Kada a ɗauka halin wasu 'yan tsiraru ne. A watan Fabrairun 2024 Hukumar Tarayyar Turai tare da hukumomin kare masu saye na ƙasashen nahiyar suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a shafukan masu tasiri, wato masu tarin mabiya a kafafen sada zumunta, su 576. Kashi 97 cikin ɗari suna wallafa abin da ya shafi kasuwanci, amma kashi 20 cikin ɗari ne kawai ke bayyana hakan a kowane lokaci. Irin wannan ɓoyon ne ya sa wasu ƙasashe suka fara ɗaukar mataki tun kafin wannan bincike. A watan Oktoban 2022 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda tallar kuɗin kirifto na EthereumMax da ta yi a Instagram. Abin lura shi ne ta sa alamar talla a rubutun, amma ba ta faɗi cewa dala 250,000 aka biya ta ba, kuma a harkar zuba jari dokar ƙasar ta ce sai an faɗi adadin. Faransa ta kafa doka a watan Yunin 2023 da ta tilasta wa masu tasiri rubuta cewa talla ce ko haɗin gwiwar kasuwanci, ta hana su tallar tiyatar gyaran jiki, ta kuma ce duk hoton talla da aka gyara fuska ko sura a cikinsa sai an rubuta an gyara. Hukuncin na iya kai wa ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 300,000.

Sai batun yawan mabiya, wanda shi ne 'yan jarida suka fi ɗauka su buga ba tare da sun duba ba. Mabiya ana sayensu, kallo ana sayensa, hatta yabon da ake rubutawa a ƙarƙashin kaya ana sayensa. Abin ya yi yawa har hukumar cinikayya ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a watan Agustan 2024, wadda ta fara aiki a Oktoba, ta haramta yabon bogi da cinikin mabiyan bogi don kasuwanci. Gane su bai da wuya ga wanda ya tsaya. Shafi mai mabiya dubu ɗaruruwa amma mutum goma ke magana a ƙarƙashin kowane rubutu, ko tsokaci ɗari duk kalma ɗaya ce ake maimaitawa, ko adadin ya yi tsalle a dare ɗaya ba tare da wani abin da ya faru ba. Ruwa ba ya tsami banza. Idan jarida ta buga irin wannan adadi a matsayin labari, ta ba mai shafin shaidar da zai kai wa mai kaya ya ƙara farashinsa, kuma ƙaramin ɗan kasuwar da ya tara kuɗinsa da ƙyar shi zai biya.

Ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar da ke sa na'ura ta kwaikwayi aikin ɗan Adam, ta zo ta ƙara dagula lissafin. A watan Oktoban 2023 ɗan wasan fim na Amurka Tom Hanks ya fito yana gargaɗin mutane cewa bidiyon da ke yawo da fuskarsa yana tallar wani tsarin kula da haƙori ba shi ba ne, na'ura ce ta ƙera. Yau ana iya haɗa fuskar da babu mai ita a duniya, a ba ta murya, ta zauna ta rantse cewa ta gwada kaya ta ji daɗinsu.

Ba na ɗora laifin duka a kan yaran da ke yin bidiyon. Da yawansu neman halal suke yi, ba su da yarjejeniya a rubuce, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ɓoye biyan kuɗi cin amana ne, kuma abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da ribar mai kaya. Nauyin ya fi hawa kan kamfanonin da ke rubuta sharaɗin, da irinmu da ke tsakiya, da dandalin da suka tanadi maɓallin nuna cewa an biya amma suke barin wanda bai taɓa shi ba ya wuce. Masu kaya kan ce alamar talla tana kashe ciniki. Abin da na gani a aikina shi ne wanda ya saba faɗa wa mabiyansa gaskiya, ranar da ya ce wannan kam ba a biya ni ba, maganarsa tana da nauyin da kuɗi ba sa saye.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne duk lokacin da wakilinka zai rubuta labarin wani abu da ya yi tashe, ya tambayi mai bidiyon kai tsaye ko an biya shi, ko an ba shi kayan kyauta, ko yana da kaso a cinikin, sannan ya buga amsar, ko ya buga cewa ya ƙi amsawa. Ya duba shafin kafin ya ambaci yawan mabiya. Haka kuma duk rubutun da wani ya biya aka buga a jaridarka ko a shafukanta na intanet, a rubuta talla a samansa da harafin da ido zai gani tun kafin a fara karatu, ba a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba. Idan akwai wakilinka da ke son ganin yadda ake sayen fili da yadda ake rubuta wa masu bidiyo sharuɗɗa, a shirye nake in zauna da shi in nuna masa, ba tare da na ambaci sunan kowa ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu, ma'aikacin tallar intanet