Gasar rabin kaka a besbol na fantasi: a gama tsara ta kafin hutun Yuli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a shafin wasanni domin mu yi magana da abokan da ke haɗa gasar besbol ta fantasi a tsakaninsu, musamman masu riƙe da shugabancin gasar.

Wanda ya saba da fantasi na Firimiyar Ingila zai gane tsarin nan da nan: kowa ya zaɓi 'yan wasa na gaske, abin da suka yi a fili shi ne makinsa. Sai dai a besbol ɗan wasa ɗaya mutum ɗaya ke mallakarsa, kuma kakar doguwa ce. Ƙungiyoyi 30 na gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, kowace tana buga wasa 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. A tsarin roto, wanda Daniel Okrent da abokansa suka fara a New York a 1980, yanzu an fi auna fannoni goma, biyar na masu bugu, biyar na masu jifa. Idan ku goma sha biyu ne, na farko a kowane fanni yana da maki 12, na ƙarshe yana da 1, sai a haɗa.

Matsalar tana bayyana ne a watan Yuli. Mutum ya duba tebur ya ga yana na goma, tazarar maki talatin tsakaninsa da na sama, sai ya daina buɗe manhajar. Ɗan wasansa ya ji rauni ya yi mako uku a cikin jeri ba a cire shi ba. Wannan ba shi kaɗai yake cutarwa ba, domin duk wanda ke kusa da shi a wani fanni zai wuce shi a ɓagas, makin da bai yi wa gumi ba kuma yana iya yanke wanda zai ɗauki kofi. Maganin da aka sani shi ne a buɗe gasa ta biyu a cikin ta farko, a fara ƙirga daga sifili bayan hutun wasan taurari na tsakiyar Yuli. Magani ne mai kyau, amma an fi ɓata shi wajen haɗawa.

Abu na farko, a rubuta dokokin a tura wa kowa kafin hutun. Dokar da aka ƙirƙira bayan an ga wanda ke kan gaba, ko mai kyau ce, za a ce an ɗinka ta ne don wani. A kuma tuna cewa hutun ba a tsakiyar kaka yake ba. Kafin ya zo, ƙungiyoyi sun buga wasa sama da 90, saura bai kai 70 ba, wato kusan kashi 40 cikin ɗari. Duk wani ƙa'idar adadi da za a sa, da wannan kason za a auna ta.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne lissafi. Fannonin da ake tarawa ba su da wahala: hom-ran (bugun da ke kai mai bugu ya zagaye fili ya dawo gida), satar bes (bes su ne tashoshin da mai gudu ke takawa), nasarorin masu jifa, korar masu bugu, duk sai a ɗauki jimillar ƙarshen kaka a debe ta ranar hutu. Amma ERA da WHIP, ma'aunan ƙwazon masu jifa, da matsakaicin bugu ba a debe su haka, domin rabo ne. Dole a koma ga ɗanyun alƙaluma. ERA shi ne makin da aka ci mai jifa da laifinsa, a ninka sau 9, a raba da inin da ya jefa (inin zangon wasa ne, tara ake bugawa a wasa ɗaya). Ga misali: ƙungiya ta je hutu da inin 800, an ci ta maki 360, ERA ɗinta 4.05 ke nan. Ta ƙare kaka da inin 1,300 da maki 545, wato 3.77. Wanda ya debe 3.77 daga 4.05 bai sami komai ba. Abin yi shi ne a debe inin daga inin, maki daga maki, a sami inin 500 da maki 185, sai ERA na rabin biyu ya fito 3.33. Haka WHIP, sai an ajiye adadin bugun da aka samu a kan mai jifa da adadin waɗanda ya bari suka taka zuwa bes na farko kyauta, domin jimillar waɗannan biyu ake rabawa da inin. Saboda haka shugaban gasa ya ɗauki hoton waɗannan alƙaluma na kowace ƙungiya, ya tura wa kowa. Ya jira sai ranar ƙarshe ta hutun, domin masu rubuta sakamako na hukuma sukan gyara hukunci bayan kwana ɗaya ko biyu, abin da aka rubuta bugu ya koma kuskuren mai tsaro, maki kuma ya sauka daga kan mai jifa.

Akwai wani tarko ƙarami da ke cikin rubutun inin. Idan manhaja ta nuna 6.1, ba shida da kashi ɗaya cikin goma take nufi ba, shida da sulusi take nufi, 6.2 kuma shida da sulusi biyu, tunda mutum uku ake fitarwa a kowane inin. Wanda ya zuba waɗannan lambobi a Excel kai tsaye ya haɗa, zai sami amsar da ta kauce kaɗan, kuma a fannin da ake rabuwa da 0.01 wannan kaɗan ɗin maki ne. Hanya mafi tsabta ita ce a mayar da komai zuwa adadin waɗanda aka fitar: 6.1 ya zama 19, 6.2 ya zama 20. Daga nan ERA shi ne maki sau 27 a raba da wannan adadi, WHIP kuma a ninka jimillar bugu da takawa kyauta sau 3 a raba da shi.

Sai mafi ƙarancin inin. In ba a sa shi ba, mai wayo zai ajiye duk masu fara jifa a benci, ya bar masu shigowa ƙarshen wasa guda uku, ya cinye ERA da WHIP da inin ɗari kacal. Idan ƙa'idarku ta shekara inin 1,000 ce, ku sa 400 a rabin biyu, wanda bai kai ba ya koma na ƙarshe a fannonin biyu. Idan kuma gasarku tana da rufin inin na shekara, wato iyakar da ba a wucewa, ku duba tun yanzu wanda ya kusa cinye nasa, ku yanke ko za a ba kowa sabon rufi.

Batun musayar 'yan wasa ne ke raba abokai. Ranar rufe ciniki ta MLB tana zuwa ne a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, kuma a makon nan darajar 'yan wasa tana juyawa. Mai rufe wasa na ƙaramar ƙungiya, wanda ke kawo maka sef (ladan mai jifan da ya kare ƙaramar rata har wasa ya ƙare) duk mako, ana iya sayar da shi ga babbar ƙungiyar da ta riga tana da nata, ya koma jefa inin na takwas, sef ɗinsa ya ƙare ranar. Wanda ya gaje shi a tsohuwar ƙungiyar kuwa yana zaune a kasuwa ba mai shi. Don haka wanda ke neman rabin biyu ya rage aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin bogin da gasa ke ba kowa na ɗaukar 'yan wasa domin wannan mako. Ranar rufe cinikin gasarku kuma ta biyo bayan ta MLB da mako ɗaya ko biyu. A ra'ayinmu, ba wa kowa ƙuri'ar soke ciniki kuskure ne, domin mutum yana jefa ƙuri'a ne da idon teburinsa. Ya fi a ba shugaba da mutum biyu da cinikin bai shafa ba awa 48 su duba, kuma kada su soke sai in akwai alamar haɗin baki. Ciniki maras wayo ba laifi ba ne.

Game da kyauta, mu dai ba ma goyon bayan kuɗi, don da zarar an zuba kuɗi an shiga caca, zumunci kuma shi ke fara shan wahala. Akwai abin da ya fi kuɗi jan hankali: zaɓin farko a rabon 'yan wasa na baɗi. Gasa da yawa suna ba na ƙarshe wannan zaɓi, wanda ke nufin ana biyan mutum ladan sakaci. A mayar da shi ga wanda ya ci rabin biyu. Kowa ya shiga teburin, amma idan wanda ya ci yana cikin ukun farko na kaka gaba ɗaya, kyautar ta sauka ga na bayansa. A kuma rubuta abin da zai raba kunnen doki tun farko, misali wanda ya fi yawan fannonin da ya zo na ɗaya.

Masu buga tsarin karo da juna mako-mako nasu ya fi sauƙi, tunda nasarorin mako kawai za su sake ƙirgawa. Su dai duba yadda manhajarsu ta yi da makon hutun, domin da yawa suna haɗe shi da makon da ke kusa ya zama karo ɗaya mai tsawo, sai a yanke tun wuri ko wannan karo na rabin farko ne ko na biyu.

Mun gode da filin da aka ba mu.

Naku,
Wasu masu bin gasar besbol