Kariyar saman mota: ƙarfen zai ɗauka, rufin fa?

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu ƙananan motoci da ke zuwa wajen masu walda a ƙera musu kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota. Ni ma na bi wannan layin. Tun da na yi ritaya daga koyarwa nake kai tabarmi da robobi kasuwannin ƙauye da tsohuwar Golf ɗina, ga but ɗinta ba ya cin komai. Na je na taya kariya ta kanti, da na ji kuɗin sai na juyo ko sallama ban yi ba.

Na sayi fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, na kai wa wani yaro mai walda a unguwarmu. Wuni guda ya gama: firam, sanduna biyu a gicciye, ƙafafu huɗu, muka shafe ta da jan fentin nan mai hana tsatsa. Duk abin da na kashe bai kai rabin kuɗin ta kanti ba, kuma har gobe ban yi nadamar wannan ba.

Nadamata a wajen ɗaurawa take. Tsofaffin motoci irin su Fijo 504 suna da makwararar ruwa a gefen rufi, nan ake maƙala ƙafar kariya a matse. Tawa ba ta da wannan. Yaron ya ce, "Baba, a huda kawai a ɗaure da noti." Na yarda. Ruwan farko na damina, muna hanyar Bakori, sai ga ɗigo tsal-tsal a kan kafaɗar uwargida. Ba ta ce komai ba, ta dai kalle ni, kallon kuwa ya wadatar. Kafin kaka tsatsa ta zagaye ramukan huɗu. Sai da mai gyaran jikin mota ya toshe su, aka lanƙwasa mini maƙalai masu kama leɓen ƙofa, aka yanko tsohon tiyub wajen mai faci aka sa a ƙarƙashin kowace ƙafa. Da tun farko haka na yi, da ban biya sau biyu ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar nauyi. Ran da aka gama, yaron ya hau kariyar a ƙasa yana tsalle, yana cewa ko sa za ta ɗauka. Bai yi ƙarya ba, sai dai ba kariyar ce ke da iyaka ba, rufin motar ne. Littafin motata ya ce kilo 75, kuma har da nauyin ita kanta kariyar. Na ɗora tawa a sikelin masu hatsi, kilo 18 ta yi, ke nan 57 ya rage mini. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne. Babban buhun masara kuwa kilo 100. To, sau nawa muke ganin mota da buhu uku a ka, ga babur a samansu, an tamke da igiyar roba? Nauyi idan ya koma sama, mota kan yi tangaɗi a kwana, birki ya ƙara nisa, kowane rami kuma kamar guduma ne a kan rufin. A tsaye komai lafiya lau, a guje ake gane kuskure.

'Yan Road Safety suna kama lodin da ya wuce kima, amma tara a bakin titi ba ta koya wa kowa lissafin nan. Ina ma su bi ta rumfunan masu walda da tashoshin mota su yi bayaninsa da Hausa, ko a riƙa rubuta kilon da fenti a jikin kowace kariya.

Wanda kariyarsa ke masa fito idan ya yi gudu, ya naɗa igiya a sandar gaba kamar murɗin dabino, zai ji shiru. Ni kuma duk ranar kasuwa sai na bi notunan da sifana kafin in tashi, ran da ba kaya in sauke ta in jingine a zaure, don ko ba komai a kanta tana ƙara shan mai.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Funtuwa, Jihar Katsina.