Rahoton shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta dashen itatuwa a Kangiwa

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata.

Tarukan wata-wata duk an yi su, ban da na watan azumi da aka ɗage kamar yadda aka saba. Lissafin shige da fice yana hannun Ma'aji, mai son gani ya je ya duba. Ni dashen bara zan fi yin bayani a kai, domin a kansa aka fi yi mana surutu.

Kun san inda muka dasa: gefen hanyar maƙabarta, bayan firamare, da kewayen filin Idi. Dogon yaro ne mafi yawa, sai bagaruwa, aduwa, gawo, tsamiya da mangwaro kaɗan. Ruwa ya ɗauke da wuri, hunturu ya bi da iskarsa, sannan Maris da Afrilu suka zo da zafin da ke haura digiri 40. Ganye ya zube, dashen ya koma tsinke-tsinke. Daga nan aka fara cewa a majalisa dashen ƙungiya ya mutu, kuɗi ya tafi a banza. Wasu har suka kwashe ƙayar da muka kewaye shi da ita suka kai murhu, a cewarsu ba sauran abin tsarewa. Wannan ya yi mana ɓarnar da ta fi ta farin kansa, domin ana ɗauke ƙaya awaki suka shiga.

Ina roƙo a fahimci wannan da kyau, tunda bazara ba za ta fasa dawowa ba. Zubar ganye ba mutuwa ba ce. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita daga jikin itace. Idan ƙasa ta bushe, ƙaramin dashe yakan rufe su, ya tsayar da girma, in abin ya tsananta ya zubar da ganyen gaba ɗaya, ya rayu da abincin da ya tara a saiwa da gindi. Gwajin kuma ba wuya. Ka sa farce ka ɗan kankare ɓawon kusa da ƙasa. In ka ga kore da danshi, yana da rai. In sama ta bushe tana karyewa ƙas, sauka ƙasa ka sake gwadawa, sau da yawa ran yana can gindi. Da wannan gwajin 'yan kwamiti suka bi layi-layi a watan Afrilu, suka ɗaura tsumma a kan duk mai rai, suka mayar masa da ƙaya.

Da ruwa ya sauka, fiye da rabin masu tsumma sun yi toho, wasu daga reshe, wasu daga gindi. Aduwa, bagaruwa da gawo su suka fi jurewa, saboda tun suna ƙanana saiwarsu ƙasa take nufa, ba ta tsaya yawo a sama. Mangwaro kam mun yi asararsa sosai, ba ya son a yi masa rowar ruwa a shekarunsa na farko. Mun kuma lura da abu biyu. Layin da ake yayyafa wa ruwa kaɗan kullum ya fi mutuwa a kan wanda ake ƙosarwa sau ɗaya a bar shi kwanaki, domin yayyafi yana hana saiwa nutsawa. Sannan dashen da ya daɗe cikin leda har saiwarsa ta nannaɗe bai yi ƙarko ba. Bayan firamare, inda wani malami ya binne tsofaffin tuluna kusa da gindi yana cika su, ya kuma rufe ƙasar da ciyawa, kusan ba a rasa ko ɗaya ba. Allah ya saka masa da alheri.

Dashen da ya farfaɗo kamar wanda ya tashi daga jinya ne, ba a ɗora masa buhu. Kada a zuba masa takin zamani, kada a yi gaggawar sassabe shi. A bari tohon ya yi ƙwari, sannan a zaɓi ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a cire sauran.

Sai batun shingen waya, wanda na san shi za a fara tambaya a taro. Ba a gama shi ba, kuma kwamiti bai ɓoye dalili ba. A cikin sunayen da ke littafi, waɗanda suka biya kuɗin wata ba tare da an bi su ba ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kafin a tara abin da aka tara, kuɗin waya da na turaku ya tashi. A tsakiyar bazara kwamiti ya zauna da abin da ke hannu, ko dai a sayi waya a kewaye gefe ɗaya, ko a biya 'yan garuwa su shayar da abin da ya rage da rai. Muka zaɓi ruwa, kuma har gobe shi za mu zaɓa. Rijiyar lambun reno ma haka ta tsaya, an haƙa, kuɗin siminti na ɗaure ta ya gagara, dole muka rufe bakinta saboda yara. Irin dashen da wani ofishi ya yi mana alƙawari bai iso ba sai Satumba. Mun ƙi dasa shi, mun ajiye a lambu. Wanda aka dasa damina na bankwana ba ya samun lokacin kafa saiwa, lokacinsa Yuli ne, ƙasa ta sha ruwa. Masu cewa mun ƙi aiki su je lambu su ƙirga, yana nan.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne gayyar haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata da aka yi a watan Mayu, a faƙon nan na arewacin gari da kowa ya sallama. Wani dattijo manomi daga wajen Dogondutsi a Nijar, kawun ɗaya daga cikinmu, shi ya tsallako ya koya mana, ko kuɗin mota bai karɓa ba. Tun bayan asuba mutane suka fito da diga, shebur da kwanduna. Ya sa aka kwarara ruwan jarka a ƙasa don kowa ya ga inda gangare ya nufa, sannan ya zana rabin da'ira da sandarsa, bakinta na kallon tudu, aka haƙe ciki aka tara ƙasar a bayanta ta zama kunya. Layi na biyu ya sa a goce, ta yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu zai faɗa cikin wanda ke ƙasansu. A kowace aka zuba takin gida.

Da rana ta ɗaga ya ja mu gonar da ke kusa, ya tsuguna gaban wani kututturen kalgo da ake sarewa duk shekara lokacin sharar gona. Ya ce, "'Ya'yana, wannan saiwarsa ta girmi wasunku, ba ya neman jarkarku." Ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya bari, ya share sauran da adda mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wannan dabarar ce aka fara yaɗawa a yankin Maradi tun 1983, da hannun wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, kuma da ita manoman Nijar suka farfaɗo da itatuwa a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Mu da su iska ɗaya, ƙasa ɗaya.

Mata sun yi rawar gani. Su suka ɗauki nauyin fura da tuwon shinkafa daga aljihunsu, kuma bayan sun sauke tukunya suka ɗauki kwanduna. Ɗalibai sun yi jigilar taki, Liman ya rufe da addu'a, wakilin Hakimi ya tsaya har la'asar. Ruwan farko da aka yi, mutane suka riƙa zuwa kallo: kowane rabin wata cike da ruwa, a wurin da a da ruwa ke wucewa kamar ba a yi ba. Mun shuka ƙwayar bagaruwa da aduwa kai tsaye a ciki, sun tsiro, ciyawa ta rufe su. Wanda bai je ba tun ranar, ya je ya gani.

Amma a ranar ma, yawancin masu haƙa ba 'yan ƙungiya ba ne. Wannan ya yi mini ciwo. Akwai 'yan uwanmu a Birnin Kebbi, Sakkwato da Abuja da ba mu jin ɗuriyarsu sai an saka hoto a WhatsApp su rubuta fatan alheri. Mun gode da addu'a, amma ɗan garuwa kuɗi yake karɓa. Na gida kuma, na gaji da sallama a ƙofar mutum ana cewa ya fita. Aikin sa kai nake yi kamar kowa, ina da gona da iyali. Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka, na dasa itatuwa don tare hamada, ya shafa a Najeriya, an kuma kafa hukumarsa ta ƙasa tun 2015. Muna son mu kammala takardunmu mu nemi a san da mu, amma ba zan miƙa jerin sunayen da rabinsu ba sa biya, ba sa zuwa ba.

Don haka kwamiti ya yanke cewa duk wanda ake bi bashin fiye da wata shida ya biya kafin ƙarshen Oktoba, ko ya zo ya faɗi uzurinsa, ba wanda za a kunyata. Wanda ba shi da kuɗi ya karɓi layi ɗaya ya riƙa shayarwa, za a ɗauke masa. Jadawalin ban ruwa zai fara aiki a Nuwamba, kuma kowane layi da sunan mai shi. Ana neman tsofaffin tuluna da randuna, ko masu tsaga ne, a kai lambu. Taro na gaba Asabar ta farkon wata, bayan la'asar, a inda aka saba. A zo da katin biya.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya