Wasiƙar Godiya ga Ofishin Ilimi na Shiyyarmu

Zuwa ga Daraktan Ilimi na Shiyya da ɗaukacin ma'aikatan ofishinsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali da abokan aiki, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin malaman makarantarmu ta sakandaren jeka-ka-dawo da ke wani ƙauye a ƙasar Gumel, domin mu yi godiya a bainar jama'a bisa haɗa mu da ofishinka ya yi da cibiyoyin fasaha da masu sana'a da ke kusa da mu. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma muna so iyayen yara su san inda canjin da suke gani a wurin 'ya'yansu ya samo asali.

Tun a shekarar 2011 aka shigo da sabuwar manhajar babbar sakandare wadda ta ƙunshi sana'o'i 34, aka kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki guda ɗaya ya rubuta ta a jarrabawar kammalawa. Manufar mai kyau ce, amma a makarantun karkara irin tamu sana'ar ta daɗe tana tsayawa a kan allo, domin malamin da ake ɗora wa darasin galibi wani fanni daban ya karanta, bai taɓa riƙe kayan aikin da yake bayani a kansu ba. Haka darasin kwamfuta yake: a zana linzamin kwamfuta, wato mouse, da alli, yara su kwafa a littafi. Ga shi kuma tun daga 2015 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ta yadda yaron da ya yi ƙoƙari shekara shida zai iya faɗuwa, ba don bai san amsa ba, sai don ranar ce ya fara zama a gaban na'urar.

Ofishinka bai zo mana da kwalaye na kayan aiki ba, kuma a ganina abin da ya yi ya fi wannan amfani. Jami'in da ka turo ya zauna da malamai a ɗakinsu, ya tambayi kowa abin da yake koyarwa da abin da ya fi ba shi wahala, sannan ya koma ya bi garuruwan shiyyar yana neman waɗanda suka iya waɗannan abubuwa da hannunsu. Da dogon hutu ya zo, sai aka rarraba mu, kowane malami aka kai shi wurin wanda aikinsa ya dace da darasinsa.

Malaman da aka kai cibiyar koyar da kwamfuta a cikin gari sun koyi buɗe adireshin imel da buga takardar jarrabawa da shigar da makin ɗalibai a jadawalin da ke haɗa jimla da kansa. Abin da ya fi yi wa yara amfani nan take shi ne sanin matakan rajistar JAMB daki-daki: cewa sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, cewa ana tura ta ta saƙon waya zuwa 55019 a karɓi lambar buɗe rajista, kuma dole layin ya kasance na ɗalibin ne shi kaɗai, ya adana shi har ya samu gurbin karatu. Sun kuma nuna wa ɗalibai cewa wanda hannunsa bai saba da linzami ba zai iya amsa tambaya da maɓallan A, B, C da D, ya matsa gaba da N, ya koma baya da P. Ƙananan abubuwa ne, amma a da rashin saninsu ne yake sa uba ya kashe kuɗin mota da na mai shago sau da yawa a kan rajista ɗaya.

Zan ɗan daɗe a kan malaminmu na kimiyyar Fiziks, wanda aka haɗa da wani matashi mai haɗa wutar sola. Malamin ya shekara da shekaru yana koyar da lissafin ƙarfin lantarki, yara suna haddacewa suna mantawa. A wurin wannan matashi ya ga yadda ake fara aiki da tambayar mai gida abin da zai kunna da tsawon lokacin da zai bar shi a kunne: ƙwan fitila mai wat 10 idan ya yi awa biyar ya ci wat-awa 50, a haɗa da na fanka da na cajin waya, daga wannan jimla ne ake sanin girman batir da yawan farantan solar da za a saya. Ya ga dalilin da ya sa ake fuskantar da faranti kudu a irin yankinmu, da yadda ƙurar hunturu take rage wutar da yake bayarwa idan ba a goge shi ba, da yadda batir yake saurin mutuwa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum. Da aka koma makaranta, sai ya sa kowane ɗalibi ya yi lissafin wutar da gidansu yake buƙata. Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin yaranmu sun yi gardama a kan amsar lissafi da irin wannan zafi ba, domin kowa maganar gidansu yake yi. Wasu daga cikinsu yanzu sukan bi matashin aiki ranar Asabar da yardar iyayensu, kuma a yankin da rijiyoyin burtsatse da shagunan caji suke komawa sola, wannan sana'a ce mai ci.

Malamanmu mata kuwa an sada su da wata baiwar Allah mai sarrafa zoɓo da riɗi. Kowa ya san Jihar Jigawa tana sahun gaba wajen noman waɗannan kaya biyu, ana ɗibar su daga kasuwanni irin ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis zuwa Dawanau a Kano, daga can zoɓon ya kai har ƙasar Meziko. Sai dai manomi yakan sayar da shi ne yadda ya fito daga gona, da ƙasa da tsakuwa, ribar kuma ta tafi ga wanda ya gyara ya ƙulla. Wannan Hajiya ta nuna wa malaman yadda take tsincewa da shanyawa a kan tamfol maimakon ƙasa, da yadda take rubuta uwar kuɗi daban da riba daban, da yadda take karɓar oda ta WhatsApp ba tare da ta bar gidanta ba. Ta kuma yi musu bayanin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC da neman lambar NAFDAC ga mai son kayansa su shiga manyan kantuna. Wannan ɓangare ya fi kowanne taɓa ni, saboda da yawa daga ɗalibanmu mata za su yi aure jim kaɗan bayan kammala sakandare, kuma sana'ar da za a iya yi daga cikin gida da waya a hannu ita ce wadda miji da iyaye ba sa ƙi.

Ta hanyar ofishinka ne kuma muka fahimci shirye-shiryen gwamnati da muke jin sunansu a rediyo muna ɗauka na 'yan birni ne. An yi mana bayanin shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 da nufin horar da 'yan Nijeriya miliyan uku a fannin fasahar zamani, da ayyukan hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA wadda ɗan Haɗeja, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ya fara shugabanta a 2019, da tallafin hukumar SMEDAN ga ƙananan 'yan kasuwa. An tuna mana cewa a Kazaure akwai cibiyar koyar da fasahar sadarwa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga Jami'ar Tarayya a Dutse da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Yaron ƙauye ba ya sanin ranar da aka buɗe shafin cike fom, sai in malaminsa ya sani ya faɗa masa, kuma wannan ne ya sa nake ganin farawa da malamai shi ne daidai.

Muna miƙa godiya ta musamman ga jami'ar kula da ilimin 'ya'ya mata, wadda ta shiga gidaje ta nemi izinin mazajen malamanmu cikin ladabi, da direban ofis da ya bi hanyarmu da damina bai yi ƙorafi ba, da masu sana'ar da suka bar neman abincinsu suka zauna da mu. Mai gari da kwamitin gudanar da makaranta su ma sun ce in isar da gaisuwarsu.

Muna da roƙo guda biyu. Na farko, a faɗaɗa wannan tsari ya kai ga malaman ƙaramar sakandare da na Islamiyya, domin yara da dama ba sa isowa hannunmu. Na biyu, tun da gyaran manhajar da aka sanar a 2025 ya taƙaita sana'o'in zuwa shida, ciki har da haɗa sola da gyaran waya da kwamfuta da kiwo da ɗinki, muna fatan a hutu mai zuwa a haɗa malamanmu da masu gyaran waya, kuma a tsara musu takardar shaida da za ta shiga fayil ɗinsu na aiki.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da ɗaukaka, ya kuma albarkaci zuriya.

Naku cikin girmamawa,
Shugaban makaranta, a madadin malamai da ɗalibai.