Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Kafin a Kwance Muku Wani Ƙarfe a Mota

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwanmu masu kawo mana gyara a nan Sakkwato, muna gaishe ku. Ya iyali, ya kuma zafin nan? Allah Ya kai mu damina lafiya.

Kwanakin baya wani dattijo da muka daɗe muna hulɗa da shi ya shigo gareji da Corolla da ɗansa ya sayo masa daga Kwatano. Ya sa aka ɗaga bonet, ya jawo wata baƙar waya mai kan fulogi da ke naɗe a gaban lagireto, ya ce: "Kai Malam, wanga abu mi as sunanai? Ko motag ga ta lantarki ta?" Wai har jikansa ya so ya soka ta a soket ɗin gida ya ga abin da zai faru, kakarsa ta hana. Allah Ya saka wa Hajiya da alheri.

Wayar hita ce. Motocin da suka yi zama a Kanada da arewacin Amurka sukan zo da ita, domin a can sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 20 ko 30, baƙin mai ya yi kauri, inji ya ƙi tashi da safe. Sai a dasa wani ƙarfe a jikin injin, ɗan'uwan hitar da muke tsomawa a bokiti, a jona shi da wutar gida ya ɗumama ruwan injin kafin a fita. Wutarsu ta can bolt 120 ce, tamu 230, saboda haka kada wanda ya gwada. A Sakkwato ba ta da aiki ko na sisi. Duk da haka ba mu kwance ta ba, domin irin ta motar Alhaji a cikin hanyar ruwan injin take zaune, ita ta toshe ramin, in aka zare ta ruwa ne zai biyo baya. Mun naɗe wayar mun ɗaure ta inda ba za ta taɓa fanka ba.

Alhaji ya yi tambaya ya tsira. Waɗanda suka sa muka rubuto wannan wasiƙa su ne masu zuwa mana bayan an riga an cire, an kuma ce musu "na ƙasar sanyi ne". Babu ƙarfen da wannan magana ta fi zalunta kamar tamostat.

Ɗan ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, da sifirin a jikinsa, yana zaune inda tiyon lagireto ya haɗu da inji. Aikinsa na mai gadin ƙofa ne. Idan inji na da sanyi yakan rufe, ruwa ya yi ta zagaye a cikin injin har ya ɗumama. A cikinsa akwai ɗan kakin da ke kumbura in ya ji zafi, shi ke tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Ku duba jikinsa, za ku ga an buga lamba. A Toyota da yawa 82 ce, wato ma'aunin zafin da yake fara buɗewa ke nan. To zafin garinmu a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke laushi, arba'in da 'yan kai ne. Wannan a wurin inji ai sanyi ne. Duk wanda ya je aikin Hajji ya hau mota a Makka, wadda ba ta san dusar ƙanƙara ba, kuma da tamostat ɗinsu kamfani ke aika motoci can.

Ba za mu ɓoye muku ba, mu ma mun cire shi da hannunmu a da. A kan Fijo 504 mai kafireto muka koyi aiki, haka muka ga iyayen gidanmu na yi, kuma illar ba ta fitowa da wuri. Motocin yanzu kwamfuta ke raba musu mai. Tana da sensa da ke faɗa mata zafin ruwa, muddin ta ji injin bai kai zafinsa ba sai ta riƙa ƙara fetur. An cire tamostat, an kuma haɗa fanka dairek tana juyawa tun daga murɗa makulli, to da safiyar hunturu sai mutum ya tashi daga Arkilla ya je Mabera injin bai gama ɗumama ba. Tanki na zuƙewa, fulogi na baƙi, ragowar fetur na gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, mai mota kuwa na ta zargin gidan mai. Wani abin da ba kowa ya sani ba: a injina da yawa tamostat na da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe, don ruwa duka ya bi ta lagireto. In babu shi, wani ruwan zafin zai riƙa yanke hanya ya koma inji bai huce ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ba mu ce ba ya lalacewa ba. Yakan maƙale a rufe, mota ta tafasa ruwa a tsakiyar hanyar Gusau, kuma wanda ya cire shi a wannan hali don ya kai gida bai yi laifi ba. Gwajinsa na tukunya ne: a jefa shi a ruwa a kan wuta, mai lafiya zai buɗe baki kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi, a sayi sabo. Amma mafi yawan zafin da ake kawo mana ba laifinsa ba ne. Ƙurar hunturu ce ta liƙe haƙoran lagireto, ko murfin lagireto ya saki, ko an shekara ana ɗura ruwan rijiya har tsatsa ta cika hanyoyi. Don Allah kuma kada a buɗe wannan murfin mota na zafi, mun ga hannayen da suka sale.

Na biyu shi ne wanda ake kira Indomie, saboda cikinsa ya yi kama da curin taliyar kafin a dafa. A jikin salansa yake, kusa da inji. Ƙananan ramukan nan nasa an shafe su da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ke rage gubar hayaƙi kafin ya fita. Tsadar nan ce ta sa masu sayensa ke yawo gareji gareji, ita kuma ta sa wasu ke saurin cewa "ya toshe, shi ke riƙe miki mota, Hajiya". Yana toshewa, gaskiya ne, musamman in injin na shan baƙin mai ko fulogi ya daɗe ba ya ba da wuta daidai. Amma a nuna muku shaida tukuna, in kuma ya zama dole a cire, kayanku ne, ku karɓi abinku.

Akwai ƙananan da ba sai mun tsaya a kansu ba. Ɗan tiyon da ke ɗigar da ruwa a ƙasan mota in an kunna AC ba yoyo ba ne, raɓar da na'urar ta tara yake zubarwa; wani ya sa an toshe nasa da gam, ruwan ya koma kan kafet. Ɗan harshen ƙarfen da ke jikin takalmin birki kuwa don ya yi ƙara aka sa shi, ya sanar da ku takalmin ya cinye. Lanƙwasa shi kashe ƙarar kawai yake yi.

Idan kun ga abin da ba ku gane ba, ku ɗauki hotonsa yana inda yake, kafin sifana ta taɓa shi. Ku matsa baya ku ƙara ɗauka yadda za a ga inda tiyo ko wayarsa ta nufa, domin maƙwabtan ƙarfe su ke fara faɗin aikinsa: wanda ke kan hanyar ruwa galibi na sanyaya inji ne, wanda ke jikin salansa da waya sensa ce. Ku goge ƙurar ku nemi lambar da ke jikinsa. Ta Toyota galibi guda 10 ce, biyar da biyar da ɗan layi a tsakani. Sannan lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. In ta fara da J a Japan aka ƙera motar, 2 Kanada, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka. Corolla biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a kayan ciki, shi ya sa "ba ni irin wannan" a kasuwa ke jawo zirga-zirga. Motocin Amurka daga 1996 kuma duk suna da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari inda muke jona na'urar gano matsalar mota. In ta nuna P0128, tamostat muke fara dubawa; P0420 kuma maganar Indomie ce.

A namu ɓangaren, daga yanzu babu yaron garejin nan da zai kwance wani abu ya bar gurbinsa fayau sai an kira mai motar an faɗa masa sunan abin da aikinsa. Duk tsohon kayan da muka canza za ku same shi a leda a cikin but. Wanda ke son a duba masa ko tamostat ɗinsa na nan, ya kawo motar da sassafe ya bar ta ta huce, duba kawai ba ma karɓar ko kwabo. Ranar Juma'a muna rufewa da hantsi, sai bayan an sauko.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. Allah Ya tsare hanya.

Naku,
Maigidan gareji da yaransa,
Sakkwato.